Tafintan da Ba Ya Cikin Rajista

Kalmar tafinta aro ce daga Turanci, amma aikin ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. A makarantun zaure na ƙasar Hausa, ɗalibi ne ke jan baƙi, malam yana bin sa gaɓa-gaɓa da fassara cikin Hausa ko Fillanci. Har gobe haka ake tafsirin azumi. Ke nan tun fil azal karatunmu da harshe biyu yake tafiya, malami kuma shi ne gadar da ke tsakani.

Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, Fulani ne suka kafa ta a tsakiyar Hausawa. A wannan zamanin ne Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, take rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, tana mayar da wasu ayyuka zuwa Hausa, jajinta na 'Yan Taru suna kai wa matan karkara. Ta gane cewa ilimin da bai isa kunnen uwa ba, bai shiga gida ba.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai tafinta ya zama mutumin hukuma, mai tsayuwa tsakanin Razdan da sarki. Talaka yana jin tsoronsa, domin kalma ɗaya idan ya karkatar da ita, sai ta jawo tara ko ɗauri. A fagen ilimi kuwa, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, inda ake koyarwa da Hausar boko. Daga baya hukumar fassara da talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta samar da littattafan karatu, har aka kai ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wannan ya ɗaukaka Hausa ƙwarai, sai dai ya bar baya da ƙura: yaron da ya tashi da Fillanci a ruga yana buƙatar gada biyu, ɗaya zuwa Hausa, ɗaya zuwa Turanci.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, harshen da ya rinjaya Hausa ne, don haka ɗan ruga bai tsira ba. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, shekara biyu kafin a yanki Jigawa daga Kano. An buɗe makarantun makiyaya, amma gina aji ya fi samun malami mai jin Fillanci sauƙi.

To wa ke cike giɓin? Galibi mutanen da sunansu ba ya cikin rajista: arɗon da ke raka uba wurin hedimasta, mai gadin da ya iya harsunan biyu, ko yayar da ake kira daga aji biyar ta fassara wa mahaifiyarta. A nan haɗarin yake. Yarinya 'yar shekara goma ba za ta gaya wa uwarta cewa malam ya ce ƙaninta ba ya ji sosai, a kai shi asibiti, ba tare da ta rage wani abu ba. Idan saƙon ya raunana a hanya, uba sai ya ɗauka ƙorafi ake yi da ɗansa, ya mayar da shi kiwo. Magana zarar bunu ce.

A matsayina na mai rubuta manhajar kwamfuta, nakan ji ana cewa waya za ta warware wannan. Gaskiya ne Google Translate ya saka Hausa a 2013, Fillanci kuma a 2024. Amma na'ura daga rubutu take koyo, Fillanci kuwa karuruwa gare shi daga Senegal har Kamaru, kuma uwar da ake son a yi wa bayani da baki take mu'amala. Na'ura ba ta san pulaaku ba, wato kunya da kawaicin da kan sa Bafillace ya yi shiru alhali bai amince ba. Tafinta ɗan gida shi ke fassara har shirun.

Abin da ya rage ba mai tsada ba ne. Kwamitin kula da kowace makaranta ya san harsunan gidajen ɗalibansa, ya ware babban mutum amintacce mai fassara a ranar taron iyaye, a ba shi ɗan alawus, a daina ɗora wa yara wannan nauyi. Wajen ɗaukar malamai kuma, a lissafa jin Fillanci cikin cancanta. Da ɗan gari akan ci gari.