Jayayyar Shekara Biyar a kan Kuɗin Bincike a Amurka, 1945 zuwa 1950

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta cika sa kuɗinta cikin binciken da a ke yi a jami'o'i ba, in ban da na aikin gona. Malamin da ke bukatar kayan aiki sai ya nemi taimakon jami'arsa, ko kuwa na asusun attajirai irin su Rockefeller da Carnegie. Yaƙi ne ya sauya wannan al'ada. A 1941 Shugaba Roosevelt ya kafa ofishin binciken kimiyya domin sha'anin yaƙi, ya danƙa shi ga wani injiniya, Vannevar Bush. Dabarar Bush ita ce ya bar masana a jami'o'insu, gwamnati ta riƙa ba su kwangila tana biya. Ta wannan hanya aka kyautata na'urar hango jiragen sama daga nesa, aka sami hanyar yin maganin fenisilin da yawa, aka kuma soma aikin bam ɗin atom.

Da yaƙi ya kusa ƙarewa, cikin Nuwamba 1944, Roosevelt ya rubuta wa Bush takarda yana tambaya yadda za a ci gaba da wannan aiki a zaman lafiya. Amsar ba ta same shi da rai ba. Shugaba Truman ne ya karɓi rahoton cikin Yuli 1945. Bush ya ba da shawarar a kafa hukuma ɗaya wadda za ta riƙa raba kuɗin gwamnati ga masu binciken tushen ilmi, watau binciken da ba a san amfaninsa ba tukuna. Ya ce kuma masana ne za su riƙe ragamarta, su ne za su zaɓi shugabanta.

A nan aka sami saɓani. Tun 1942 wani ɗan Majalisar Dattawa daga jihar West Virginia, Harley Kilgore, ya ke ta kawo nasa shirin. Shi ma yana son hukuma, amma wata iri dabam. Ya ga kwangilolin yaƙi sun tattaru a hannun 'yan manyan jami'o'i da kamfanoni, saboda haka ya nemi a raba wani kashi na kuɗin jiha jiha, abin da aka ƙirƙiro da kuɗin jama'a kuwa ya zama mallakar jama'a. Ya so a sa ilmin zaman jama'a cikin abin da za a taimaka, Bush kuwa ya bar shi waje. Babban abin jayayya dai shi ne wa zai naɗa shugaban hukumar. Kilgore ya ce shugaban ƙasa, domin shi jama'a suka zaɓa.

An saba ba da labarin nan kamar Bush ne mai hangen nesa, Kilgore kuwa ɗan siyasa mai kawo cikas. A ganina ba a yi wa Kilgore adalci ba. Gaskiya ne ɗan majalisa ba shi iya bambanta kyakkyawan bincike da maras kyau, sai wanda ya san fannin. Amma fa kuɗin haraji ne, wanda kuma ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1947 Majalisa ta zartar da doka bisa ga ra'ayin Bush, Truman ya ƙi sa hannu, hujjarsa kuwa ita ce ba a danƙa dukiyar jama'a ga mutanen da ba su ƙarƙashin ikon wanda aka zaɓa. Sai ran 10 ga Mayu 1950 ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Kimiyya ta Ƙasa, bayan an yi sulhu: majalisar mutum 24 ta tsara manufa, shugaban ƙasa ya naɗa su, ya kuma naɗa darekta.

To, shekara biyar ɗin nan ba su wuce a banza ba. A 1946 mayaƙan ruwa suka buɗe nasu ofishin bincike, aka kafa hukumar makamashin atom, cibiyoyin binciken lafiya kuma suka faɗaɗa ba da kuɗi ga jami'o'i. Sa'ad da sabuwar hukuma ta zo, ta tarar an riga an raba filin. Bush ya yi lissafin fiye da dala miliyan 30 a shekarar farko. Abin da aka ba ta a kasafin 1952 dala miliyan 3.5 ne kawai. Hukuma ɗaya tilo da ya yi fata ba ta samu ba.

Tsoro ne ya buɗe bakin jakar. Ran 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba tauraron Sputnik, a kasafin 1959 kuwa aka ba hukumar dala miliyan 134. Abin da ya fi shafarmu mu masu nazarin harshe shi ne dokar ilmi domin tsaron ƙasa, wadda Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu cikin Satumba 1958. Kashi na shida na dokar ya tanadi kuɗi domin koyar da harsunan da Amurkawa ba su saba koyo ba, har da na Afirka. Da taimakon wannan doka aka buga littafin koyon Hausa na Carleton Hodge da Ibrahim Umaru a Washington cikin 1963. Watau dai kuɗin koyar da Hausa a can da sunan tsaron ƙasa ya fito. Ilmin zaman jama'a kuwa, wanda Kilgore ya nema tun farko, sai a 1968 aka ambace shi da sunansa cikin dokar Hukumar Kimiyya.