Daga Dandali zuwa Sansani: Tarihin Koya wa Yaran Karkara Shugabanci

Gabatarwa

Balan mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gaya, wadda ta yi iyaka da Ajingi a gabashin Jihar Kano. Abin da za a duba a nan shi ne hanyoyin da yaron da aka haifa a irin wannan wuri, ko a rugar Fulani da ke gefensa, ya bi ya koyi jan ragamar jama'a, da kuma yadda hanyoyin suka sake tun zuwan Turawa. Maganar ta shafi ɗalibai da ma'aikatan gwamnati, domin su ne ake turawa sansani, su ne kuma daga baya suke zaɓen wanda za a tura.

Makarantun da ƙauye ya gada

Ƙasar Gaya ta daɗe da sanin koyo a hannun na gaba. Labarin Bayajida ya nuna maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙa, Abagayawan Kano kuma suna cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya ya zo Dala neman tama. A maƙera kuwa yaro da zuga yake farawa. Sai ya daɗe yana kallon yadda ƙarfe yake ja kafin a miƙa masa awartaki, balle masaba. Ubangidansa shi ne malaminsa, shi ne mai tsawata masa, shi ne kuma mai tsaya masa ranar da zai kafa tasa maƙerar.

Hanya ta biyu ita ce ƙungiyar samari. A ƙauyukan ƙasar Hausa akan naɗa Sarkin Samari, a yi masa Waziri da Galadima da Alƙali, 'yan mata su ma da tasu shugabar. Shi ne yakan tara samari gayya a gonar wanda aiki ya fi ƙarfinsa, ya sasanta rikicin dandali, ya ci tarar wanda ya ƙi fitowa. Da kaka, lokacin wasan kalankuwa, sai su kwaikwayi fada ɗungurungum, bayan zuwan Turawa ma har da Gwamna da Di'o. Wasa ne a ido, amma a nan saurayi yake gane cewa mai ba da umurni sai ya fara iya bin umurni, kuma wanda bai yi adalci wajen rabon goro ba, ba mai amsa kiransa ran gayya.

Hanya ta uku ita ce tsangaya. Iyaye sukan damƙa yaro ga malami a tafi da shi gabas, wajen Haɗejiya ko Barno. Can zai tashi daga kolo ya zama titibiri, sa'an nan gardi, kowane mataki da nauyin da ake ɗora masa na kula da ƙanana. Gardawa kuma sukan keɓe a bayan gari su yi bukkokin kara, watau kiskadi, don su duƙufa kan karatu. Ashe ke nan fita daga gida don horo a keɓantaccen wuri ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Abin da ya haɗa hanyoyin uku shi ne, mai koyarwa ya san yaron da iyayensa, kuma yana tare da shi shekara da shekaru. Ba su rasa aibu ba. Sana'a gado ce, tsangaya na tattare da bara da wahala, rabon 'ya'ya mata kuwa kaɗan ne.

Zamanin Turawa

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, inda aka tanadi aji don 'ya'yan sarakuna. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Manufar ita ce samar wa En'e malamai da ma'aikata. Da yake ta hannun hakimai da dagatai ake ɗaukar yara, talakawa da yawa sun ɗauki abin tamkar haraji, har sukan ɓoye 'ya'yansu. Daga nan ne shugabanci ya soma zama abin da ake tafiya nesa a koyo, da harshen da ba na gida ba.

Sansani irin na zamani ya faro a 1951, lokacin da Alec Dickson ya kafa wurin horo a Man O' War Bay, kusa da Biktoriya, wadda yanzu ake kira Limbe, a Kudancin Kamaru. Ya ɗauko tsarin daga makarantar Outward Bound da Kurt Hahn ya taimaka aka kafa a Birtaniya a 1941. Akan tara matasan malaman makaranta da ma'aikatan En'e daga sassan Nijeriya na 'yan makonni, a koya musu iyo a teku, su hau Dutsen Kamaru, sa'an nan su shiga ƙauyuka su yi aikin gayya da hannunsu. Damuwar Dickson ita ce ɗan boko ya fara ƙyamar fartanya da mutanen da suka haife shi. Wato gayyar da Sarkin Samari ya sani ita ce aka sake koya wa ɗan boko a bakin teku.

Bayan mulkin kai

A 1960 aka yi dokar da ta mai da wurin Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Koyar da Shugabanci. Da Kudancin Kamaru ta rabu da Nijeriya a 1961, aikin ya dawo gida, daga baya aka sami makarantar dutse a tsaunukan Shere kusa da Jos, da ta ruwa a Apapa. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke farawa da zaman sansani na mako uku. Sansanin Jihar Kano yana Kusalla a Ƙaraye.

Sai dai duk waɗannan ƙofofi ta makaranta ake shigarsu. Yaron da bai gama firamare ba, ba zai ga Shere ba, balle Kusalla. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyuka da yawa, amma ɗan makiyayi yana bayan shanu sa'ad da ake kiran suna. Saboda haka ne aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya da Doka ta 41 ta 1989, Farfesa Jibril Aminu yana Ministan Ilmi, aka sa hedkwatarta a Kaduna. Wannan karon makaranta ce aka ce ta bi yaro ruga. Almajiri kuwa ya ga ranar wuya a 2020, sa'ad da gwamnonin Arewa suka yi ta mai da yara jihohinsu na asali saboda annobar korona. Sai a 2023 aka yi dokar kafa hukumar tarayya ta ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna abu uku. Na farko, sansani na iya buɗe wa yaro ido cikin mako uku, ya haɗu da waɗanda bai taɓa jin harshensu ba, amma ba ya maye gurbin babban da zai bi sawunsa bayan ya koma gida. Na biyu, yadda aka zaɓi yara shi ke nuna wa aka yi wa shirin. Muddin jerin sunaye daga sakatariya kaɗai yake fitowa, ba a tambayi mai unguwa da arɗo da alaramma ba, to 'ya'yan na kusa da sakatariya ne za su cika mota, 'ya'ya mata kuma a sake mantawa da su. Na uku, ma'aunin nasara shi ne abin da yaron ya komo da shi. Ma'aikacin da aka ɗora wa shirya sansani don yaran Gaya da Ajingi, ya kamata kafin ya yi lissafin tabarmi da abinci ya rubuta, a gaban sunan kowane yaro, sunan babban da zai riƙa duba shi a garinsu har shekara ta zagayo.