Asalin Zayyanar Alƙur'ani Rubutun Hannu

Duk wanda ya taɓa ganin an kwance gafaka a zauren wani tsohon malami, a Keffi ko a Garaku, aka buɗe tadarishi, ya san abin da ake kira zayyana. Baƙin yambari ga haruffa, ja ga wasula, rawaya ga hamza, kuri a kan kowace aya goma, sa'an nan zane mai cika ido a farkon Baƙara da A'arafi da Maryam da Sad. Wannan ado ba jiya ya faro ba.

Magabata sun ce tushensa Gabas ne, ƙasar Kanem da Barno. An ce wani malami, Muhammadu ɗan Mani, ya zauna da sarakunan Kanem yana karantar da su ɗaya bayan ɗaya. Mai Bulu ya karanta daga Tabaraka zuwa Nasi, ya ba shi raƙumi 50. Wanda ya gaje shi ya faro daga Yasin, ya ƙara sadaka. Haka aka yi ta hawa har zuwa Mai Humme, wajen 1085, wanda ya sauke tun daga Baƙara, ya ba da raƙumi 100 da zinariya 100 da azurfa 100. Ƙasar da sarakunanta ke girmama karatu haka, ai dole alƙalami ya yi daraja. Nan gwanaye suka tashi, masu satu, su rubuta izu sittin da ka, ba duba. Har yau akwai kwafin Barno da aka rubuta wa sharhi a 1669. Baturen nan Denham, da ya zo Kukawa a 1823, ya tarar ana kai Alƙur'anan Barno Masar da Arewacin Afirka ana sayarwa da tsada.

Kanawa kuwa sukan ce Wangarawa ne suka zo da littafi daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Masana ma sun saɓa: wasu sun ce hannun rubutun daga tsohon rubutun Ƙairawan ya tsiro, wasu sun ce daga na Magrib. Ni dai na fi karkata ga Barno, domin har gobe almajiri mai neman tilawa cewa yake zai tafi Gabas.

Daga Kano da Zazzau malamai da fatake suka gangaro da wannan rubutu kudu, musamman bayan Abdu Zanga ya kafa Keffi wajen 1800. Takardar ta Italiya ce, mai tambarin wata uku, ta hamada aka riƙa kawo ta. Tawada kuwa ta gida ce, bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro, alƙalami na gamba. Haka kuma ake ƙawata Dala'ilul Hairati.

Da injin buga littattafai ya zo, sai aka shiga buga rubutun su Sharif Bala Gabari na Kano, hannu ya fara sanyi. Abin takaici, yanzu gara da ɗigon damina ke cin na kakanni. Wanda ya gaji irin wannan a gidansu, ya fito da shi, ya gyara masa gafaka, ya nuna wa 'ya'yansa. Gado ne da kuɗi ba ya saye.