Yini guda da ƙafa a Damagaram, daga Birni zuwa Zango

Da yawanmu mun sha ratsa Damagaram cikin mota ko bisa kabu-kabu, mu yi abin da ya kawo mu, mu juya. Wannan karon muka ce sai mun taka garin da ƙafa tun safe har magariba, mu ga abin da mai sauri ba ya gani.

Da Birni muka fara, don nan ne tushen sarauta. Lungunan ƙanana ne, suna karkacewa tsakanin manyan duwatsu, wani wurin ma dutsen ne bangon gida. Da muka ɓulla ƙofar fada muka tarar da dogarai cikin jajayen kaya da kore, muka yi gaisuwa, muka tsaya kallon soron. Gidan sarautar nan asalinsa daga Barno yake, daga zuriyar Malam Yunus, kuma shekaru da dama Damagaram tana kai gaisuwa Kukawa. Sarkin da ya ɗaga sunan garin shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884. A zamaninsa aka ƙarfafa ganuwa, maƙera suka riƙa zuba igwa a cikin gari, ana haɗa albarushi. Mun nemi ganuwar, sai guntaye muka samu nan da can, awaki na kwance a inuwarsu.

Daga nan muka nufi wurin da ya fi taɓa mana zuciya. Tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba na 2024 cikin ruwan saman da ya yi wa Nijar ɓarna a wannan damina. Ya ga zuwan Nasara, ya ga tafiyarsu, amma ruwan damina ɗaya ya kwantar da shi.

Kusa da wurin muka iske wani dattijo magini yana kwaɓa ƙasa. Muka ce, "Baba, sannu da aiki. Wai ginin ƙasa ya daina ƙarko ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ƴaƴana, ƙasa ba ta canza ba, mutane ne suka canza. Da, kafin ruwa ya sauka kowa sai ya yi yaɓe, ya duba indararo, ya shafa makuba. Yanzu wa ke da wannan lokaci?" Ya nuna mana wani gida da aka lulluɓe da siminti, ya ce danshi na shiga ta baya ba ya samun hanyar fita, tubali ya ruɓe a ɓoye, ran da zai faɗi ba sallama.

Da hantsi ya yi muka fito Birni muka yi arewa. A hanya ake hango tsohon barikin soja na Nasara bisa tudu. Labarinsa ya fara a watan Mayu na 1898, lokacin da aka kashe kyaftin Cazemajou a nan Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo sai ga rundunar nan ta Voulet da Chanoine, wadda ta yaƙi Sarauniya a Lugu ta kuma ƙone Birnin Ƙonni. Shugabannin biyu sun mutu a hanya, amma sauran sojojin suka ci gaba, aka gwabza a Tirmini cikin Yuli na 1899, Damagaram ta faɗi, ba da jimawa ba aka kashe Kuran Daga. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. Sai a 1923 aka maido da sarautar.

Matasa da yawa ba su san cewa daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin ƙasar nan ba. Ƙarancin ruwan sha na cikin dalilan da suka sa aka mayar da mulki Yamai, bakin kogi. Mu ma da rana ta take muka shiga neman ruwa, muka ga ƴan garuwa da jarkokinsu, sai muka ce lalle wannan matsala ta girmi kakanninmu.

Bayan azahar muka shiga Zango. In Birni ta sarakai ce, Zango ta fatake ce. Nan ayarin raƙuman Buzaye ke sauka, nan Larabawan Gadamas da Tarabulus ke da masauki, nan attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna. Ana kawo gishiri da tufafi da takarda, ana fita da fatu da gashin jimina. Gaskiya ɗaya ce, har da bayi, ƴan Adam irinmu, kuma bai kamata mu ɓoye wa yaranmu wannan ba. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya sauka garin a ƙarshen 1852. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, hanyar Sahara ta yi sanyi. Amma arzikin wancan zamani yana nan rubuce a bangon gidaje: dagi, zanko a kan soro, zane kala-kala a ƙofar zaure. Wani gidan an gyara shi tsaf, na kusa da shi ya tsage daga sama har ƙasa.

Muka ƙare a Kasuwar Dole, muka sayi ƙilishi, muka zauna wata fada ta samari ana dafa shayi. Muka tambaye su wa ya taɓa shiga fadar Sarki. Cikin su bakwai, biyu kaɗai. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa riƙo hannunsu ya kai su.

Tun 2006 sunan Birni ke cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO, Agadas kuwa ta samu shiga a 2013. Amma takarda ba ta yaɓe bango. Kiranmu ga malaman lakwal, su ware rana guda a shekara su zagaya da ɗalibai. Masu tsofaffin gidaje su nemi maginan gargajiya tun rani. Hukuma ta taimaka wa waɗanda ba su da hali. Mutanen Maraɗi, Tawa, Tasawa da Ƙonni, ku ma ku taka naku garin ku ba mu labari.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna. Amin.