Daɗin Kowa: Yadda Gongola Ya Biyo Sawun Gombe

Mutumin da ya tashi a unguwar Kagarawal ta Gombe, inda ba a ganin ruwa kwance sai damina ta cika kwari, yana iya zaton Allah bai rubuta wa Gombe rabo a bakin ruwa ba, alhali kuwa wanda ya tona tarihi zai tarar a gaɓar kogi aka yanke wa masarautar nan cibiya. Domin bayan da Modibbo Buba Yero, almajirin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓo tuta, daura da Kogin Gongola ya kafa Gombe Abba. Da Nasara suka ci ƙasar, sai suka mai da mazaunin mulki Nafada a 1913, garin da a wancan zamani jiragen ruwa kan hauro masa daga Binuwai idan kogi ya kawo. Kana a 1919 aka yi ƙaura zuwa Doma, wato Gomben yau, aka bar kogin a baya.

Shekara 65 bayan wannan ƙaura, a 1984, gwamnatin tarayya ta kammala datse Gongola a Daɗin Kowa, cikin ƙasar Yamaltu Deba, ƙasa da kilomita 40 gabas da birni, sai ruwa ya taru tsakanin duwatsu ya zama tafki mai faɗin gaske, har wanda bai taɓa ganin bahar ba, in ya tsaya a bakinsa da hantsi, lalle ya yi tasbihi.

Tun daga nan al'amuran garin suka rataya ga ruwan. Da an sallame Asuba masunta kan tura kwale-kwale su je duban kalli da mali da suka kwana a ruwa, su komo da tarwaɗa da ƙarfasa, mata su yi banda, fatake su ɗaure kwali. Manoman rani kuwa, daga ƙasan madatsar, suna ban ruwan shinkafa da tumatir da albasa a tsakiyar bazara, lokacin da sauran gonaki ke jiran rahamar sama.

Abin lura ga mai hankali shi ne, daga wannan tafki ake tace ruwan da ake turowa birnin Gombe ta bututu, ta yadda kogin da magabata suka yi wa ƙaura shi ne ya biyo jikokinsu har bakin randa.