Tsohon Keken Yawo na Biritaniya a Matsayin Shaidar Tarihi

Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sun daɗe da yarda cewa takardu da labarin baka ba su kaɗai ne shaida ba. Tukunya da kuɗin ƙarfe da ganuwar birni duk suna ba da labari ga wanda ya iya karanta su. Wannan lacca za ta ɗauki wani abu da ba a cika sanya shi a wannan sahu ba, watau keken yawon ƙasa da aka ƙera a Biritaniya tsakanin 1930 da 1980. Za ta duba yadda ake gane maƙerinsa, da yadda ake gano shekarunsa, da kuma yadda ake gyara shi. Abin da ake so a tabbatar shi ne, irin wannan keke yana ɗauke da tarihinsa a jikinsa, mai gyara shi kuwa yana iya adana wannan tarihi, yana kuma iya shafe shi cikin yini guda.

Asalin keken yawo

A shekarar 1885 ne John Kemp Starley na garin Coventry ya fitar da keken Rover, mai sarƙa da tayoyi biyu kusan daidai da juna, wanda shi ne kakan kekunan da ake hawa yau. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska a Belfast. Tun kafin haka, a 1878, an kafa ƙungiyar masu yawo da keke a Harrogate, wadda ta ɗauki sunan Cyclists' Touring Club a 1883, ta kuma koma Cycling UK a 2016.

Amma yawon keke bai zama abin talaka ba sai tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. A 1930 aka kafa ƙungiyar masaukan matasa ta Ingila da Wales, inda matafiyi zai kwana da kuɗi kaɗan. A 1938 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar da ta share fagen ba leburori hutu tare da albashi. Saboda haka samari da 'yan mata masu aiki a masana'antun Birmingham da Manchester da Glasgow suka riƙa fita daga hayaƙin birni zuwa ƙauyuka da duwatsu a ƙarshen mako. Keken zuwa aiki ya yi musu nauyi, na tsere kuma ba ya ɗaukar kaya. Daga nan aka sami na tsakiya: mara nauyi, mai kai lanƙwasasshe zuwa ƙasa, mai madigadi saboda yawan ruwan sama, da jakar tamfol a bayan sirdi, irin wadda kamfanin Carradice na garin Nelson ya shahara da ɗinkawa.

Wannan zamani bai daɗe ba. Da aka daina rabon man fetur da kati a 1950, motoci suka fara yawaita, kasuwar keke ta yi sanyi, har mashahurin maƙeri Claud Butler na Landan ya karye a 1957. Sai a shekarun 1970 yawon keke ya farfaɗo, lokacin da kamfanin Dawes ya fitar da samfurin Galaxy a 1971.

Gane maƙeri

Maƙeran kekunan Biritaniya iri biyu ne. Akwai manyan masana'antu, babbarsu ita ce Raleigh ta Nottingham, wadda Frank Bowden ya gina daga ƙarshen shekarun 1880. Akwai kuma ƙananan maƙeru masu yin firam da hannu bisa tsawon mai saye, kamar Hetchins a Tottenham, da Mercian da aka kafa a Derby a 1946, da 'yan'uwa uku na gidan Jack Taylor a Stockton, da Flying Scot a Glasgow.

Wanda bai ƙware ba yakan tsaya ga tambarin da ke goshin keke. Tambarin kuwa yana iya ruɗarwa. Raleigh ta sayi Humber a 1932, da Rudge a 1943, da Triumph a 1954, da sashen kekuna na BSA a 1957, ta ci gaba da amfani da sunayensu. A 1960 kuma kamfanin Tube Investments, mai Phillips da Hercules, ya haɗe da Raleigh. Ke nan Rudge na 1955 keken Nottingham ne, ko da yake a da a Coventry ake ƙera Rudge. Haka nan kamfanin Holdsworth ya sayi sunan Claud Butler bayan karyewarsa, don haka keken da ke ɗauke da wannan suna daga shekarun 1960 bai taɓa shiga hannun Claud Butler ba. Bugu da ƙari, kantuna da yawa sukan sayi firam daga wani maƙeri su manna nasu sunan.

Don haka masana suka fi dogara ga aikin hannu, musamman mahaɗan ƙarfe inda bututun firam ke shiga juna. Kowace maƙera tana da yadda take yanka su da goge su, kamar yadda ake gane rubutun malami ko da bai sa hannu ba. An san Hetchins da mahaɗai masu ado mai yawa da sandunan baya masu lanƙwasa, an san Bates da fok mai lanƙwasa biyu.

Irin ƙarfen ma shaida ne. Kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar bututu mai kauri a bakinsa da siranta a tsakiyarsa tun 1897, ya kuma fitar da shahararren ƙarfensa mai lamba 531 a 1935. Takardar 531 da ake mannawa a firam ana iya sayen sabuwarta yau a manna wa kowane keke. Abin da ya fi ta gaskiya shi ne faɗin sandar sirdi: firam na 531 mai siririn bango yawanci yana karɓar sanda mai milimita 27.2, na ƙarfen gama-gari na Raleigh kuwa 25.4.

Gano shekaru

Shaida ta farko ita ce lambar firam, wadda akan buga a ƙarƙashin gidan feda, ko inda tayar baya ke shiga, ko kusa da sandar sirdi. Ƙananan maƙeru da dama sukan maimaita lambar a wuyan fok, wanda ke ɓoye cikin firam. Idan lambobin biyu suka dace, to fok ɗin na asali ne. Daga 1974 Raleigh ta bi tsari guda: harafin farko yana nuna masana'anta, N na Nottingham, W na Worksop, lamba ta farko kuma tana nuna ƙarshen shekara. Sai dai wannan lamba tana maimaituwa bayan shekara goma, saboda haka 5 na iya zama 1975 ko 1985, dole a nemi ƙarin shaida.

Shaida ta biyu ita ce kayan da ke jikin keken. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya fara yin giya uku a cikin cibiyar tayar baya a 1902, ya fitar da samfurin AW a 1936, ya kuma daɗe yana buga shekara da wata a jikin cibiyar. Alal misali, 52 da 7 na nufin watan Yuli na 1952. Kamfanin sirdi na Brooks ya fara buga alamar shekara a ƙarfen da ke ƙarƙashin bayan sirdi daga ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin Williams kuma yana da haruffa na shekara a bayan hannun feda da farantin sarƙa.

A nan ne ake bukatar hankali irin na alƙali. Cibiyar taya shekarar kanta take faɗa, ba ta firam ba. Taya kan lalace a sauya ta, sirdi kan bi mai shi daga tsohon keke zuwa sabo, wani kayan kuma kan shekara a kanti kafin a ɗaura shi. Daɗin daɗawa, 'yan ƙungiyoyin keke sun saba sayen firam kaɗai su harhaɗa sauran kaya da kansu. Kamar yadda ba a yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, haka ba a tsayar da shekarar keke da alama ɗaya. Idan cibiya ta ce 1952, hannun feda ya ce 1951, lambar firam ta faɗa tsakanin nan, to an sami shaidu da suka dace. Idan ɗaya ya saɓa da shekara goma, shi ma ya ba da labari, watau lokacin da aka yi wa keken babban gyara.

Shaida ta uku ita ce yayin zamani. A wajen 1930 ruwan kurom mai ƙyalli ya maye gurbin ruwan nikel, wanda ya fi shi rawaya-rawaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda ƙarancin ƙarafa, akan shafa baƙin fenti a inda aka saba sa kurom. Girman taya ma ya sauya: kekunan yawo na shekarun 1930 da 1940 sun fi amfani da inci 26, na bayan yaƙi suka koma inci 27, daga shekarun 1980 kuma ma'aunin Faransa na 700C ya rinjaya. Duk waɗannan sai a gwada su da tsofaffin littattafan talla na kamfanoni, waɗanda ƙungiyar Veteran-Cycle Club, da aka kafa a 1955, ta tara da yawa. Takardun Raleigh kuwa suna gidan adana takardu na gundumar Nottinghamshire.

Gyara da adanawa

Masu sha'awar tsofaffin kekuna sun rabu biyu. Wasu suna so keken ya koma kamar ranar da ya bar kanti, a kankare shi, a yi sabon fenti da sabon kurom. Wasu kuma suna ganin a wanke shi, a tsayar da tsatsa, a bar sauran yadda shekaru suka bar shi. Hujjar na biyu ta fi ƙarfi a wurin mai nazarin tarihi. Fentin asali sau ɗaya ake yin sa. A cikinsa akwai siraran layukan ado da aka ja da hannu, da sunan kantin da ya sayar da keken, da takardar Reynolds ta wancan zamani. Da an kankare waɗannan, babu mai iya bambanta keken gaskiya da na jabu, kuma an sha samun firam ɗin da aka yi wa ado aka sayar da sunan Hetchins. Sabon fenti ya wajaba ne kawai inda tsatsa ta fara cin ƙarfe, ko inda wani ya riga ya shafe na asalin.

Aikin farko shi ne rubutu. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a ɗauki hoton keken ta kowane gefe, a rubuta kowace lamba da inda aka same ta. Sa'an nan a bincika lafiyar firam. Ɗan kumburi a ƙarƙashin bututu, daf da mahaɗin gaba, alama ce ta cewa keken ya taɓa karo. Bangon 531 a tsakiyarsa bai kai milimita ɗaya ba, don haka ba ya jure waldar lantarki irin ta ƙofar gida. Da narkakkiyar tagulla ake haɗa shi.

Kuskuren da ya fi ɓata tsofaffin kekuna shi ne na ma'auni. Yawancin maƙeran Biritaniya suna yanka tiredi 24 a kowane inci a gidan feda da wuyan fok, amma Raleigh ta daɗe tana yanka 26 a kekunanta na Nottingham. Wanda ya tilasta ɗaya cikin ɗaya ya cinye tiredin firam. Haka nan tayoyi biyu masu sunan inci 26 suna iya bambanta, ɗaya milimita 590, ɗaya 597. Inci 27 kuma 630 ne, alhali 700C 622 ne. Notocin ma na ma'aunin Whitworth ne, sifanar milimita takan cinye kansu. Sirdin fata da ya bushe ba a ɗaure shi nan take, sai an shafa masa mai kaɗan-kaɗan ya yi laushi, in ba haka ba ya tsage. Cibiyar Sturmey-Archer kuwa sau da yawa ba ta bukatar komai sai wanki da ɗigon mai mara kauri.

Abin da ya shafi rai ba a yi masa kara. Taya da robar birki da wayar birki dole a sauya su idan za a hau keken. Ka'idar ita ce a ajiye duk abin da aka cire, a rubuta abin da aka sauya da ranar sauyawa, domin wanda zai gaji keken ya san na asali da na baya.

Kammalawa

Masana'antar da ta ƙera waɗannan kekuna ta shuɗe. An sayar da Sturmey-Archer ga wani kamfanin Taiwan a 2000, Raleigh kuma ta daina harhaɗa kekuna a Nottingham a 2002. Abin da ya rage na wancan zamani ba zai ƙaru ba, raguwa kawai zai yi.

Wannan magana ta shafi Nijeriya ta Arewa. Keken yawo bai shigo nan da yawa ba. Wanda ya shigo shi ne ɗan'uwansa mai nauyi, mai taya inci 28 da birkin sanda, na Raleigh da Rudge da Hercules da Phillips. Shi malaman makaranta da malaman gona da masinjojin En'e suka hau, har Raleigh ta kafa masana'anta a Kano. Ƙa'idojin da aka bayyana duk suna aiki a kansa, ga kuma ƙarin shaida ta gida, watau rasidin saye da lasin keke, inda suka tsira. Yawancin irin waɗannan kekuna suna jingine a zauruka da rumbuna, masu sayen tsofaffin ƙarafa kuma suna auna su a sikeli. Ɗalibin da ya rubuta lambar firam ɗin keken kakansa, da sunan mai shi, da aikin da ya yi da shi, da garuruwan da ya je, ya tanadi abin da masu rubuta tarihin kasuwanci da sufuri na wannan ƙasa za su nema nan gaba. Ma'aikatan gidajen tarihi kuma ya kamata su ware wa keke wuri tun ana samun masu fentin asali.