Beckenbauer: Asali, ma'ana da yaɗuwar sunan da ya cika duniya amma ya yi ƙaranci a Jamus

Beckenbauer sunan iyali ne na Jamusanci wanda tushensa ke kudancin Jamus, musamman Jihar Bavariya. Masana ilimin sunaye suna fassara shi da "manomi mai gasa burodi", wato mutumin da ya haɗa noma da sana'ar burodi a ƙauyensu. Duniya ta san sunan ne ta dalilin mutum guda, marigayi Franz Beckenbauer, wanda ya ɗauki Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa yana ɗan wasa, ya sake ɗauka yana koci. Sai dai shahara daban, yawa daban. A cikin Jamus kanta gidajen da ke amsa wannan suna kaɗan ne, kuma Bajamushen yau da bai san tarihin harshensa ba yana iya yi masa gurguwar fassara.

Yadda ake furta shi

A Jamusanci haruffan "ck" suna ba da sautin "k" guda ɗaya. Haruffan "au" ana furta su kamar yadda suke a kalmar "sau", sannan "er" na ƙarshen kalma yakan fito kusa da sautin "a". Saboda haka furucin da ya fi kusa da na masu harshen shi ne "Bekenbawa", tare da ƙarfafa gaɓar farko.

Ma'anar sunan

Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko ita ce Beck, tsohuwar kalmar mutanen kudancin Jamus ga mai gasa burodi. A Jamusancin da aka yi amfani da shi daga wajajen shekarar 1050 zuwa 1350 ana rubuta ta becke. A daidaitaccen Jamusanci na yau mai burodi shi ne Bäcker, amma a karin harshen Bavariya da maƙwabtanta har yanzu akan ji Beck. Wannan bambanci ya bar sawu a sunayen iyali: Beck ya fi yawa a kudu, Becker kuma ya fi yawa a tsakiya da yamma da arewa, alhali sana'a ɗaya suke nufi.

Kalma ta biyu ita ce Bauer, manomi. Asalinta tana nufin wanda ake zaune tare da shi a gari ɗaya, kuma tushenta ɗaya da kalmar Nachbar, wato maƙwabci. Daga baya ma'anarta ta tsaya a kan mazaunin ƙauye mai gona.

Haruffan "en" da ke tsakiya ragowar tsohon nahawu ne da ke nuna mallaka, kamar yadda "n" ke yi a "gidan malam". Don haka sunan yana iya nufin manomin da shi da kansa yake gasa burodi, yana kuma iya nufin manomin da ke zaune a gidan gonar da aka sani da gidan mai burodi. Duk fassarorin biyu a kan sana'a ɗaya suka tsaya.

Inda ake yin kuskure

Wanda ya ɗauki ƙamus na zamani ya raba sunan gida biyu zai tarar da kalmar Becken, wadda ke nufin daro ko baho, ko kwarin ƙasa da tsaunuka suka kewaye, ko ƙashin ƙugu. Zai kuma tarar cewa idan bauer ta zo a ƙarshen kalma takan nufi magini ko maƙeri, daga aikatau bauen, yin gini, kamar a Brückenbauer, mai gina gada. Daga nan sai a fito da fassarori irin su "mai ƙera baho" ko "manomin kwari". Masana ba su karɓi waɗannan a matsayin asalin sunan ba, domin sun saɓa wa karin harshen yankin da ya fito da kuma tsarin sauran sunayen da ke kama da shi.

Dokar da masu bincike ke bi ita ce, ana fassara sunan iyali da harshen zamanin da aka ƙirƙire shi da kuma na yankin da ya tsiro. Ko kalmar Beck ma ba ko'ina take nufin mai burodi ba. A arewacin Jamus takan samo asali daga beke, wato rafi, sai ta zama sunan wanda gidansa ke bakin rafi.

Yadda Jamusawa suka samu sunayen iyali

Kafin ƙarni na 12 yawancin Jamusawa suna ɗaya suke da shi. Da birane suka bunƙasa, ciniki ya yawaita, sannan jama'a suka taru a kan sunaye ƙalilan irin su Hans da Heinrich da Konrad, sai rubuta haraji da bashi da gado ya yi wuya ba tare da ƙarin laƙabi ba. Al'adar ta fara a manyan biranen kudu da yamma, irin su Regensburg da Kolon, ta bazu zuwa ƙananan garuruwa da ƙauyuka. Zuwa ƙarni na 15 ta kafu a mafi yawan ƙasar, kodayake a yankin Frisiya na bakin tekun arewa sai da dokar Napoleon ta 1811 ta tilasta wa mutane riƙe suna ɗaya na dindindin.

Masana sun kasa waɗannan sunaye gida biyar: waɗanda suka fito daga sunan uba, daga garin asali, daga wurin zama, daga sana'a, da kuma daga laƙabin kama ko hali. Rukunin sana'a shi ne ya mamaye sahun gaba. Müller mai niƙa ne, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi. Beckenbauer na wannan rukuni ne, illa dai sana'a biyu ya ɗauko a lokaci guda.

Da farko laƙabin yakan canza daga uba zuwa ɗa. Hukuma ce ta daskarar da shi sannu a hankali. Babban taron Cocin Katolika na Trent ya wajabta rubuta baftisma da aure a littattafan coci a 1563. A 1677 mai mulkin Bavariya, Ferdinand Maria, ya hana talakawansa canza suna yadda suka ga dama. Daga ranar 1 ga Janairu, 1876 kuma ofisoshin gwamnati suka karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a duk faɗin daular Jamus.

Sunan gida a Bavariya

Abin da ya haifi Beckenbauer shi ne wata al'ada ta ƙauyukan Bavariya da Ostiriya da ake kira Hofname, wato sunan gidan gona. A ƙauyen da kusan kowa manomi ne, kiran mutum Bauer ba ya bambanta shi da kowa. Sai a ƙara masa wata kalma a gaba. Wanda ya zo daga baya ya zama Neubauer, sabon manomi. Wanda gonarsa ke kusa da coci ya zama Kirchbauer. Na gefen tudu ya zama Oberbauer. Wanda ke kusa da injin niƙa, ko yake da alaƙa da shi, ya zama Mühlbauer, wanda ya haɗa noma da ƙira kuma Schmidbauer. A wannan layi Beckenbauer ya shigo.

Sunan gida yakan manne wa gidan ne, ba mutumin ba. Idan aka sayar da gonar, ko wani ya auri 'yar gidan ya tare a ciki, sabon mai gida yakan gaji sunan a bakin jama'a, ko da bai taɓa kusantar tanda ba. A wasu wurare magatakarda ya rubuta wannan suna a littafi ya zama sunan iyali na hukuma, a wasu kuma ya tsaya a baki kawai. Har yau a ƙauyukan Bavariya akwai tsofaffin da sun fi sanin mutum da sunan gidansu a kan sunan da ke katin shaidarsa.

Haɗa noma da wata sana'a ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. A birane ƙungiyoyin masu sana'a ne ke tsare harkar burodi, su ke ƙayyade wanda zai gasa da wanda zai sayar. A ƙauye kuwa gidaje da yawa da kansu suke gasa nasu, don haka cinikin mai burodi bai cika isar ciyar da iyali ba sai ya haɗa da gona da dabbobi.

Yaɗuwarsa

Masu binciken sunaye a Jamus sun fi dogara da littafin tarho na shekarar 2005, mai ɗauke da layukan gida kimanin miliyan 28, domin daga baya wayar salula ta rage masu sa sunansu a littafin. A kan wannan ƙididdiga aka gina babban kundin taswirar sunayen iyali da Konrad Kunze da Damaris Nübling suka jagoranta, da kuma ƙamus na intanet da Cibiyar Kimiyya da Adabi ta birnin Mainz ta fara a 2012. Lissafin ya nuna akwai sunayen iyali daban-daban kimanin 850,000 a Jamus.

Rabon bai zo daidai ba ko kaɗan. Müller yana da layuka sama da 250,000, Schmidt kimanin 190,000. Becker, na takwas a jeri, ya haura 70,000, Bauer kuma, na goma sha uku, ya kusa 60,000. Beck ma yana cikin ɗari na farko. To amma da aka haɗa Beck da Bauer wuri guda sai yawan ya faɗi warwas: Beckenbauer ba ya cikin sunaye dubu da suka fi yawa a ƙasar. Masu ɗauke da shi sun fi taruwa a Bavariya, kamar sauran sunayen da ke ƙarewa da bauer. A wannan fanni bai fita daban ba, domin mafi yawan sunayen nan 850,000 gidaje ƙalilan ne ke amsa su.

Abin da ya jawo ƙarancinsa

Dalili na farko shi ne sharuɗɗan haihuwarsa. Suna irin Müller ya tsiro a dubban garuruwa ba tare da masu shi sun san juna ba, tun da kowane yanki yana da mai niƙa. Beckenbauer kuwa sai inda abubuwa uku suka haɗu: yankin da ake kiran mai burodi Beck, yankin da ake raɗa wa gidajen gona suna, da kuma ƙauyen da ke da manomi mai tanda. Ko a can ɗin ma ba kowane sunan gida ne ya shiga littafin hukuma ba.

Dalili na biyu shi ne hanyar gado. Shekaru ɗaruruwa suna yana bin 'ya'ya maza ne, mace kuma ta ɗauki na mijinta. Sunan da ya faro daga gidaje kaɗan yana iya raguwa ƙwarai idan zuriya ɗaya ta haifi mata zalla, ko yaƙi da annoba suka ci mazan. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya hallaka jama'a masu yawa a kudancin Jamus, ya bar ƙauyuka da dama kango.

Mutumin da ya fito da sunan

An haifi Franz Beckenbauer ranar 11 ga Satumba, 1945 a birnin Munich, ya tashi a unguwar Giesing ta masu ƙaramin ƙarfi, mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Ya buga wa babbar tawagar Bayern Munich daga 1964 zuwa 1977, inda suka ɗauki Kofin Zakarun Turai sau uku a jere, 1974 da 1975 da 1976. Ya buga wa Jamus ta Yamma wasa 103, ya ɗauki Kofin Nahiyar Turai a 1972 da Kofin Duniya a 1974 yana kyaftin, ya kuma lashe kyautar Ballon d'Or a 1972 da 1976. Daga baya ya taka leda a New York Cosmos ta Amurka da kuma Hamburg.

A 1990 ya sake ɗaukar Kofin Duniya a Italiya yana koci. Mutum uku kacal suka taɓa yin haka: shi, da Mário Zagallo na Brazil, da Didier Deschamps na Faransa. Ya shugabanci Bayern daga 1994 zuwa 2009, ya kuma jagoranci kwamitin shirya Kofin Duniya na 2006 a Jamus. Daga 2015 wannan aiki ya jawo masa bincike kan wasu kuɗi Yuro miliyan 6.7. Ya musanta sayen ƙuri'a, kuma batun bai kai ga hukunci a kansa ba. Ya rasu ranar 7 ga Janairu, 2024 a Salzburg ta Ostiriya yana da shekara 78.

Laƙabinsa, Der Kaiser, yana nufin babban sarki. Kaiser ma sunan iyali ne a Jamus, kuma ya ninka Beckenbauer yawa nesa ba kusa ba.

Doka da makomar sunan

Dokar Jamus ba ta barin mutum ya ɗauki sunan iyalin wani don sha'awa. Canjin suna sai da ƙwaƙƙwaran dalili da hukuma ta amince da shi, don haka shaharar ɗan wasan ba ta ƙara yawan masu amsa sunan ba. Abin da ya sauya shi ne dokar aure. Daga 1976 ma'aurata suna iya zaɓar sunan matar ya zama na iyali, daga 1994 kowannensu yana iya riƙe nasa, sannan daga ranar 1 ga Mayu, 2025 an yarda su haɗa sunayensu biyu su bai wa kansu da 'ya'yansu. Wannan ya buɗe wa sunaye masu ƙaranci hanyar wucewa ta wajen 'ya'ya mata, wadda a da a toshe take.

Bayan rasuwarsa Bayern ta jingine riga mai lamba 5 da ya saba sawa. A 2025 aka mayar da adireshin filin wasanta na Allianz Arena zuwa Franz-Beckenbauer-Platz lamba 5, aka kuma sa wa kofin da ake buɗe kakar wasannin Jamus da shi sunansa.